Kawar Baba a Gona ta Sha Huɗu

Tun daga kan gada na sauke gilashin mota don in shaƙi warin laka. Ruwa yana janyewa, turaku da gadajen da ake kiwon kawa, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo, sun fito layi-layi a cikin kogin Kerrabin har inda ido ya ƙare. Awa bakwai ina tuƙi daga Dubbo, garin masu tumaki can cikin tudu, ƙuguna ya riƙe, amma da warin nan ya bugi hancina sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

Na ce wa ƙanena Lyle ziyarar kwana uku zan kawo. Ƙarya na yi masa. Gaskiyar magana na sayar da gidana, na ajiye aikin girkin da na yi shekara ashirin da biyu ina yi a gidan kula da tsofaffi, kayana suna ɗaure suna jiran in kira mai babbar mota. Na dawo ne in kama aikin Gona ta Sha Huɗu, fegin da ke cikin kogi inda kawar Baba take. Niyyata sai mun shiga kwale-kwale mun tsaya a tsakiyar gonar sannan in faɗa masa, in ga yadda zai saki baki.

Na san wanda ba ɗan kogi ba zai ce tsohuwar nan ta zautu, shekara sittin da ɗaya ta sayar da gida saboda kawa. A Dubbo ma sun sha tambayata wai yaya mutum zai fasa ɓawo kamar dutse ya haɗiye abin da ke ciki ɗanye da ɗan lemun tsami. Nakan ce musu su je su ci tumakinsu. Amma kawar Baba ba irin ta kowa ba ce. Shekarar babbar ambaliya cuta ta shigo kogin ta kashe tara cikin goma. Mutane suka yi ta kwasar ɓawo fanko suna zubarwa a tudu. Gida goma sha ɗaya suka tattara suka bar garin, ni da mijina Neville muna cikinsu. A lungun da kogi ya yi kwana kuwa, tire shida na Baba suka rayu, ko ɗaya ba ta buɗe baki ba, ita kuwa kawa in ta mutu buɗe baki take yi. Har yau ba wanda ya san dalili.

Daga ranar Baba bai ƙara sayar da ko ƙwaya ɗaya daga Sha Huɗu ba. Kowace shekara yakan kafa sanduna masu kwalta kusa da su, ƙwayayensu su manne, ya reni 'ya'yan har su girma su ma su zuba nasu. Tire shida suka zama arba'in. Dokokinsa biyu ne, mun haddace su tun muna yara. In zafi ya shigo ana ɗaga kawa gadon sama, inda ruwa ba ya kaiwa, ta sha iska kwana goma don tsutsar laka ta mutu, to ba a ɗaga ta duka lokaci guda, rabi-rabi ake yi. Sannan mutum ba ya barin kogi alhali kawarsa tana sama. Da zai rasu, shekara goma sha biyu ke nan, ya kama hannuna da na Lyle ya ce ta mu biyu ce, kada a sayar, kada a gauraya ta da wani iri, kada a bari ta mutu.

Lyle ya tsaya a kogi yana kula da ita. Ni kuma kowace Kirsimeti sai ga akwatin ƙanƙara ya iso Dubbo, a ciki kwalba mai shuɗin murfi, an ɓare kawa dozin biyu an zuba, an rubuta 14 a jiki. Ranar nakan kira maƙwabta, in zauna a tsakiyarsu in rufe ido in tauna, in ce musu wannan gishirin, da ɗan zaƙin da ke biyo baya, na lungun Baba ne, babu irinsa a duk gaɓar nan. Ban faɗa da wasa ba. Muna yara Baba yakan rufe mana ido da hularsa ya sa mana kawa a baki ya ce mu faɗi daga wace kwana ta fito. Lyle sai ya yi ta kame-kame, ni ban taɓa kuskure ba. Mai harshen gidan, haka Baba yake kirana.

Na tarar da Lyle a rumfarsa ta bakin ruwa, ƙato da shi, wuyansa ja, takalmin robarsa har gwiwa. Yana ganina ya ajiye tiyon da yake wanke kwanduna da shi.

"Ga mutuniyar tudu," ya ce. "Kin gane hanya, Merle, ko sai da kika tambayi tumaki?"

"Tumakin sun fi ka wanka."

"Kin ƙara ƙiba."

"Kai kuma gashin da ya rage maka ya tafi. Matso in gan ka."

Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ya shafa min laka a riga. Ya jawo min akwati na zauna, ya ɗebo kawa daga buhu ya fara buɗewa, wuƙa ta shiga ta baya, ya murɗa, ya miƙo. Na haɗiye ta farko don yunwa. Ta biyu kuwa na juya ɓawon ina dubawa, ɗabi'a ce, hannu yake yi ba tare da an sa shi ba. Zagayayye ne, mai zurfi kamar cokali, bayansa sumul. Kawar da ta girma a kan sanda takan zo da shafaffen wuri a ƙasa da ɗan baƙin kwalta, inda aka ɓamɓare ta.

"Wannan ba ta sanda ba ce," na ce.

"Ta kwando ce, ta sayarwa. Kowa ya koma kwando yanzu, sayo iri ake yi. Masu gidajen abinci ba sa son mai karkataccen ɓawo."

"Ban yi tuƙin awa bakwai don in ci ta masu gidajen abinci ba. Tashi mu je Sha Huɗu."

Ya dubi kogi. "Ruwa ya fara dawowa."

Na dubi turken da ke gaban rumfar. Jiƙaƙƙen wurin yana sama da ruwa da kamu biyu, ganye kuma yana bin hanyar teku.

"Lyle, a bakin kogin nan aka yanke min cibiya. Saura awa guda kafin ya juya."

"To injin ne. Tun jiya yake tari. Bari in duba shi, gobe sai mu je." Ya miƙo min wata kawar ba tare da ya dube ni ba. "Ci mana, kin zo kina ta bincike kamar ma'aikaciyar gwamnati."

Na karɓa na ci. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma Lyle tun yana ɗan shekara biyar in zai yi ƙarya sai ya sosa bayan kunne. Sau biyu ya sosa.

Da la'asar na taka zuwa shagon Coral. Benci ɗaya muka zauna ni da ita tun aji ɗaya, ita ta riƙe min fure ranar aurena. Gonarta ce ta Sha Biyar, turke ɗaya ya raba ta da tamu, tana kuma da ɗan shago a bakin titi inda take sayar wa matafiya kawa. A hanya na haɗu da mutum uku da na sani. Kowa ya yi murnar ganina, ya tambayi Dubbo, ya tambayi gwiwata. Da na ce gobe zan je ganin kawar Baba, ɗaya ya tuna ya bar tukunya a wuta, ɗaya ya hau ba ni labarin sabon titi. Ta ukun, wata tsohuwa da ta san mu tun muna rarrafe, ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah sarki, 'yar Athol," ta wuce.

Coral tana tsaye bayan tebur da safar hannu da wuƙa tana ɓara. Ta zagayo ta riƙe ni, muka yi ta jijjiga juna.

"Tsohuwa, ashe kina raye."

"Wa kike kira tsohuwa? Da wata huɗu kika girme ni, kuma a fuskarki ya nuna."

Ta dafa shayi, muka zauna a bayan shago. Ni ba ni da ciki, abin da ke raina ba ya kwana. Na yi niyyar Lyle zai fara ji, amma kafin shayin ya huce na riga na zazzage mata komai: gidan, aikin, kayan da ke ɗaure. Na ce mata ta shirya, za ta dinga ganina kowace safiya a kan turkenmu ina zaginta kamar da.

Ta ajiye kofinta a hankali.

"Kin riga kin sa hannu?"

"Na sa, na ba da makulli. Wasu ma'aurata ne masu 'yan biyu, sun ce za su sare bishiyar lemun Neville, amma wannan ba matsalata ba ce yanzu."

"Lyle ya sani?"

"Gobe zai sani. Coral, mene ne? Kin yi fuska kamar na ce miki zan mutu."

"Ba komai. Mamaki ne kawai." Ta miƙe ta ce ta ji motar mai saye ta tsaya. Ba motar da ta tsaya.

Na bi ta cikin shagon. A kan kantar shagon, bayanta, kwalabe ne jere, fanko, masu shuɗin murfi. Ta ga inda idona ya sauka.

"Lyle yakan ari kwalabena," ta ce, tun ban tambaya ba.

Na kwana a gidan Lyle. Da safe na tarar da takarda a kan tebur, wai ya tafi kai kaya birni, sai yamma, injin kuma bai gyaru ba. Na karanta sau biyu. Ni za a yi wa wasan yara? Na jira har rana ta take tsaka ruwa ya yi ƙasa sosai, na je bayan rumfa na kwance tsohon ƙaramin kwale-kwalen Baba. Filafilansa suna nan a rataye inda ya saba rataye su. Shekara ashirin rabon da in tuƙa, amma ruwa mai janyewa yana tura ni, hannu kuma bai manta ba. Na wuce gonakin mutane, kwandunansu baƙaƙe suna lilo a kan igiya, tsuntsayen kwasakwasa suna zaune a kan turaku suna kallona. Na wuce ta Coral, tsaf da ita. Na sha kwana.

Allon yana nan a kan turke, lambar ta koɗe amma ana iya karantawa. Bayansa kuwa kango ne. Turaku sun karkace, katakon gadaje ya ruɓe ya zube. Tirori suna gadon sama, waɗanda ba su faɗo ba, ragarsu ta yayyage. A ƙasa, a kan laka, ɓawo ne tuli, fari fat, kowanne baki a buɗe. Na sauka, laka ta kama ni har gwiwa, na ɗauki ɗaya na juya. Ga shafaffen wurin, ga baƙin kwaltar. Na ɗauki wani, haka. Wannan ba mutuwar bana ba ce, ba ta bara ba ce. Ɓawon ya yi laushi har yana marmashewa a hannu.

Ban yi kuka ba. Na tsaya ina lissafin kwalabe a zuciyata, ina komawa baya shekara-shekara, ina neman wadda ta zama ta ƙarshe ta gaskiya.

Ina nan tsaye na ji ƙarar inji. Lafiyarsa ƙalau, ko tari ɗaya bai yi ba. Lyle ne a baya yana riƙe da shi, Coral a gaba ta haɗe hannuwa a cinya. Ya kashe injin tun daga nesa, kwale-kwalen ya zo a hankali har ya dafa laka.

"Birnin ya matso kusa ke nan," na ce.

Ya kalli tulin ɓawon da ke kan laka.

"Yaushe?"

"Merle, hau mu koma gida mu yi magana."

"A nan za mu yi. Yaushe?"

Ya cire hula ya riƙe. "Shekara tara. Watan da Neville ya rasu."

Ya ba da labarin yana kallon ruwa. Ranar Talata ya ɗaga kawar gadon sama. Yana da aiki da yawa a wancan makon, ba ya son ya ɓata janyewar ruwa biyu, sai ya ɗaga duka arba'in ɗin tare da sandunan 'ya'ya, ya ce sau ɗaya ba zai yi komai ba. Ranar Alhamis na buga masa waya ina ihu, Neville ya faɗi a lambu. Ya shiga mota da kayan aikinsa a jiki. A hanya ya tsaya shagon Coral ya ce mata in ta ga zafi zai yi yawa ta sauke masa su.

"Bayan an binne shi na ce miki zan koma," ya ce. "Kin tuna abin da kika ce?"

Na tuna. Na riƙe rigarsa na ce kada ya bar ni ni kaɗai da kujerar Neville. Ya ƙara kwana takwas.

"A cikin kwanakin zafin ya zo," in ji Coral. Muryarta ta dushe. "Kwana uku, da iskar yamma mai ƙona fuska. Merle, ni kaɗai ce, kwale-kwale ɗaya, janyewar ruwa ɗaya. Tawa ma rabi tana sama. Na ce in sauke tawa, in ruwa ya bar ni in zo nan. Bai bar ni ba. Washegari da na zo duk sun buɗe."

"Tawa ma rabi tana sama," na maimaita. "Ke kin bi dokar Baba, ɗansa bai bi ba."

Lyle ya sunkuyar da kai.

"Taki kika fara saukewa."

"Tawa na fara saukewa. Da ita nake ciyar da gidana. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Dariya ta kuɓuce min, mummuna. "Ba za ki yi min ƙarya ba. To wa yake cika kwalbar?"

Wani kwasakwasa ya sauka a kan allon ya gyara zama.

"Ni ce," ta ce. "Daga Sha Biyar. Mafi kyau nake zaɓar miki, ɗaya bayan ɗaya."

"Na gode. Allah ya saka."

"Merle."

"Garin ya sani?"

"Warin har kan gada ya kai," in ji Lyle. "Mako biyu."

Ashe shi ya sa tukunya take kan wuta, shi ya sa ake ba ni labarin titi. Gari guda, mutum ɗari shida, kowa ya san 'yar Athol tana can tudu tana rufe ido tana yabon kawar maƙwabciya. Na ji kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, sai kuma fushi ya biyo ya kore ta.

"Ku ji ni da kyau," na ce. "Kawa tana mutuwa. Na ga ta mutu tara cikin goma, ban zagi kowa ba. Kai ka yi ganganci, ke kin ceci taki, ni na riƙe maka riga. Duk wannan da kun faɗa min, da na zage ku tas, na yi wata shida ban ɗaga wayarku ba, ya wuce. Amma kwalba tara. Sau tara kuka zauna, ke kina ɓarewa, kai kana rubuta lamba. Sau tara na buga maka waya na ce ta bana ta fi ta bara, kana ce min ai ruwan sama ne ya yi daidai."

"Lokacin kin binne miji ke nan," Lyle ya ce. "Da na faɗa miki, da kin ce ke kika kashe su."

"Da na ce. Da na yi kukana na share hawayena. Kukan nawa ne, wa ya ba ka ikon ɓoye min shi?"

"Kwalbar farko kawai na yi niyya. Na ce in shekara ta zagayo kin ɗan warware sai in faɗa. Sai kika kira kika ce kin ci kin ji kamar Baba yana zaune a ɗakin." Ya goge fuska da hular. "Bayan wannan ta ina zan fara?"

"Ta baki ake farawa, Lyle. Na sayar da gidana."

"Coral ta faɗa min. Ɗaki yana nan a gidana. Aiki yana nan, kwanduna sun fi ƙarfina, ki zo mu raba."

"Ban bar lambun da Neville ya faɗi a ciki don in zo in juya wa masu gidajen abinci kwando ba."

Ruwa ya tsaya cak, irin tsayuwar da yake yi kafin ya juya. Na jefar da ɓawon da ke hannuna na kama gefen kwale-kwalena zan hau.

"Tsaya," in ji Lyle. "Akwai abu ɗaya."

Ya sauko cikin lakar, ya taka zuwa turken da ke can ƙuryar lungu, inda ruwa yake zagayawa. Ya nuna ƙasansa. Kawa ce a manne, cunkus, rayayya, wasu manya wasu ƙanana, karkatattu kamar yadda ta daji take fitowa.

"Ba ni na sa su ba. Shekarar da ta biyo baya na gan su. Kin san na Baba sun riga sun zuba ƙwai kafin in ɗaga su. Mai yiwuwa jikokinsu ne. Mai yiwuwa kuma ruwa ne ya kawo daga gonar Coral, ko daga ko'ina. Ban taɓa su ba, ban gyara wurin ba, don kada in lalata. In na Baba ne, sanduna hamsin sun isa mu fara." Ya dube ni karon farko tun da ya zo. "Ni ba na ganewa, kin sani. Mutum ɗaya ce za ta iya faɗa. Shekara tara ina son in tambaye ki."

Ban so in sa rai ba, amma na sa. Na ja ƙafa cikin laka har wurin turken. Wuƙar Baba tana aljihuna, mai ƙotar katako, da ita na yi niyyar buɗe ta farko ranar da na dawo. Na ɓamɓaro babba ɗaya, na wanke ta a ruwa, na sa wuƙa ta baya na murɗa. Cike take, fara, tana ƙyalli. Na rufe ido na sa a baki.

Na tauna a hankali. Gishiri ya zo, ɗan zaƙi ya biyo baya. Daidai da abin da na saba ji kowace Kirsimeti. Na nemi wanda yake kafin wannan, na lokacin hular Baba, na laluba ko'ina a cikin kaina. Duk inda na taɓa, kwalbar Coral nake tararwa. Shekara tara ina koya wa harshena cewa wannan shi ne ɗanɗanon Baba, ya kuwa koya. Na ɓamɓaro ta biyu na ci. Na ci ta uku.

Na buɗe ido. Su biyun sun zuba min ido, Lyle ya matse hular a ƙirji kamar yaro mai jiran sakamakon jarrabawa. Na san abin da yake so in ce. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai taɓa kama ni. Da na faɗe ta, da gobe mun fara shafa wa sanduna kwalta.

"Ita ce?" ya ce.

"Ban sani ba."

"Ki ƙara ɗaya. Wata ƙila ƙarama za ta fi..."

"Ko ɗari na ci ban sani ba, Lyle. Kawar ce rana ta kashe. Harshena kuwa ku kuka kashe."

Coral ta rufe fuska da hannu. Na goge wuƙar a riga na mayar aljihu, na koma na hau kwale-kwalen Baba. Ruwa ya juya, ya fara shigowa yana lasar tulin ɓawon daga ƙasa. Lyle ya ɗauko igiya ya ce in kama ya ja ni, hanya da nisa. Na ce ya riƙe igiyarsa. Na sa filafilai a ruwa na juya hancin kwale-kwalen wajen gada, ban san ma inda zan ce wa mai babbar mota ya kai kayana ba.